Baba, Na Sami Abin Da Na Roƙa, Amma Raina Bai Kwanta Ba

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni ɗan Jos ne, a Tudun Wada na tashi, yanzu shekara 11 ke nan ina aikin gwamnati a Abuja. Shekaruna 39, ina da mata da yara 3, muna haya a Kubwa. Da ina makaranta addu'ata ba ta wuce in sami aiki in riƙe iyayena ba, Allah kuwa ya amsa. Amma Baba, yau ba ni da kwanciyar rai. Muna da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Kullum sai wani ya saka hoton gidan da ya gama a Gwarinpa, wani ya kai iyalinsa Kanada, wanda nake koya wa lissafi a aji yanzu direba ke jan sa. Bara na ci bashi a ƙungiyar taimakon kai da kai ta ofis na canza mota, murnar ba ta kai wata 2 ba. Da albashi ya gaza sai na shiga rance a manhajojin waya. Matata ba ta san yawan bashin ba. A wani taron farkawa aka ce mu shuka iri mai zafi Allah zai buɗe ƙofa, na ba da naira 200,000 daga kuɗin makarantar yara, har yau shiru. Yanzu wani abokin aiki ya ce in sa hannu a wata takardar kwangila da aka ƙara wa kuɗi, kasona zai biya bashin duka. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Ba na barci. Ina zuwa sujada amma gangar jikina kaɗai ke wurin. Zunubi ne mutum ya so ci gaba? Wadar zucin nan da ake wa'azi a kai gaskiya ce, ko dai lallashin waɗanda suka kasa ne?

Ɗanku daga Kubwa

Ɗana, salama gare ka da mutanen gidanka.

Bari in fara da abin da ba ya jira, wato takardar nan. Kada ka sa hannu. Gobe da safe, kafin ka zauna a kujerarka, ka nemi abokin aikin nan ka ce masa a'a, a taƙaice, ba wa'azi ba dogon bayani. Wannan "ban amsa ba, ban kuma ƙi ba" da ka rubuta, a kunnensa amsawa ce mai jiran a daidaita farashi. Ka fi ni sanin aikin gwamnati: ranar da masu binciken kuɗi suka buɗe fayil, ko EFCC ko ICPC suka aiko da takardar gayyata, ba wanda zai tambayi wa ya kawo shawarar, hannun da ke ƙasan takarda za a duba. Ko da ba a taɓa kama ku ba, wanda ya saye ka sau ɗaya ya san kuɗinka, zai dawo, kuma a karo na biyu ba roƙonka zai yi ba. Lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki su bi shi jeji ba. Ya ce wa na haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙage, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14). Da ma'aikatan hukuma yake magana, irinka.

Ba zan yi maka wa'azin ƙosasshe ba, in ce kuɗi ba kome ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, ta ja kuɗin mota da na shinkafa da na makaranta a bayanta. Mafi ƙarancin albashi da aka mayar naira 70,000 a 2024 bai kamo farashin kaya ba. Mai gida a Abuja kuwa kuɗin shekara yake so a dunƙule, wani ma na shekara 2. Magidancin da ke fita daga Kubwa da asuba don ya riga cunkoso, ya dawo yara sun yi barci, in ya ce ya gaji gaskiya ya faɗa. Ubangijin da ya koya mana mu roƙi abincin yini ya san ana jin yunwa.

Sai dai ka sake karanta wasiƙarka da idon baƙo. Ba ka ce yaranka sun kwana da yunwa ba. Ba ka ce mai gida ya ba ku takardar tashi ba. Motar da ka canza, ba ka ce tsohuwar ta mutu ba. Ciwon daga waya ya fara, bashin daga baya ya biyo. Abu biyu ne suka sarƙe maka har kake ganinsu ɗaya: akwai bashi, akwai ƙishi. Bashi yana da adadi, ana rubuta shi a takarda, ana biyansa a gama. Ƙishin kuwa ba shi da adadi. In wani ya share maka bashin nan yau ya bar ƙishin yadda yake, kafin Kirsimeti biyu ka ci wani. Saboda haka a kan ƙishin zan fi daɗewa.

Ka buɗe Zabura 73 yau da dare maimakon zauren nan. Asaf ne mai ita, Balawi, shugaban mawaƙa a zamanin Dauda, wato mutumin da aikinsa ke cikin sujada kullum. Shi ne ya faɗa da bakinsa cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame, domin ya yi ƙyashin masu girman kai da ya ga suna cikin wadata, jikinsu lafiya, ba sa shan wahalar da sauran mutane ke sha. Har ya kai ga cewa ashe a banza ya tsare zuciyarsa da tsarki. Ka ga tambayarka ke nan, an riga ka yin ta da daɗewa, kuma Allah bai ji kunyar barin ta cikin littafinsa ba. Abin da ya juyo da Asaf ba ƙarin albashi ba ne. Ya ce abin ya gagare shi fahimta sai da ya shiga Wuri Mai Tsarki na Allah. Ya fito aljihunsa yadda yake, masu wadatar ma suna nan da wadatarsu, amma ya fito yana tambaya wa yake da shi a sama in ba Allah ba, yana cewa kusantar Allah ita ce alherinsa. Ma'auninsa ne ya canza.

A nan zan ja maka kunne kaɗan. Asaf a kan mugaye yake magana, abokan karatunka kuwa ba ka da hujjar kiransu mugaye. Akwai wata ƙaramar ta'aziyya da mu Kirista kan yi wa kanmu, mu ce ai duk wanda ya gina gida a Gwarinpa sata ya yi. Ƙyashi ne wannan ya sa rigar ibada. Wasu guminsu ne, wasu gado ne, wasu kuma bashi ne ya fi naka nauyi, don hoton gida ake sakawa, ba a saka hoton takardar banki. Ba ka sani ba, kuma ba a ɗora maka sanin ba. Ka tuna bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin tekun Galili, da ya gaya wa Bitrus irin mutuwar da zai yi, Bitrus ya waiga ya hangi Yohanna ya ce, shi wannan fa? Yesu ya ce masa ina ruwansa, shi dai ya bi shi (Yohanna 21:21-22). Wanda kake koya wa lissafi yana da tasa hanyar da nasa lissafin da zai bayar. Kai ma haka.

Ka ce murnar mota ba ta kai wata 2 ba. Ba motar ce ta cuce ka ba, iyakar abin da mota ke iya bayarwa ke nan. A sura ta 2 ta littafin Mai-Wa'azi, wanda wasu juyin ke kira Mai Hadishi, sarki ya jera abin da ya yi wa kansa: gidaje, gonakin inabi, lambuna, tafkuna, bayi, garkuna, azurfa da zinariya, mawaƙa maza da mata. Ya ce duk abin da idonsa ya so bai hana shi ba. Da ya juyo ya duba, sai ya ce duka banza ne, bin iska ne. A 5:10 ya ce mai son kuɗi ba ya ƙoshi da kuɗi. Amma abin da mutane ke tsallakewa a littafin shi ne, bai ce a ƙi cin abinci mai daɗi ba. Ya ce mutum ya ci ya sha ya ji daɗin aikinsa, wannan kyauta ce daga hannun Allah, kuma akwai wanda ake ba dukiya amma ba a ba shi ikon morar ta (6:2). Samu daban, mora daban. Na biyun ba a sayensa, kuma shi ne ya kuɓuce maka. Kana da mata, kana da yara 3, kana da aikin da dubban masu digiri ke yawo da takardu a ofisoshin Abuja suna nema, amma ka daina ɗanɗanar su.

Akwai wani ɗan Afirka da nake so ka sani, don labarinsa ya yi kusa da naka. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, wani ƙaramin gari a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya bar gida ya yi karatu a Kartaj, ya haye zuwa Roma, a 384 ya sami babban muƙamin malamin iya magana a Milan, inda fadar sarkin Roma take a lokacin. Ɗan ƙauye ya iso babban birni ke nan. Shi da kansa ya ba da labarin wata rana yana tafe a titin Milan da abokansa, zuciyarsa na dukan uku-uku saboda jawabin yabon sarki da zai yi, jawabin da ya san cike yake da ƙarya, masu tafi ma sun san ƙarya ce. Sai ya ga wani almajiri ya sha ya bugu yana ta raha da dariya. Ya yi ajiyar zuciya ya ce wa abokansa, duk wannan wahalar da suke sha farin ciki suke nema, ga shi wannan ya riga su da 'yan kwabban da ya roƙa. Ya san murnar mashayi ba ta gaskiya ba ce, amma ya gane tasa da yake bi da girman kai ta fi ta zama ƙarya. A 387 aka yi masa baftisma, ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430. Shi ne mai sanannen zancen nan cewa Allah ya yi mu domin kansa, zuciyarmu kuwa ba za ta huta ba sai ta huta a cikinsa. Annabi Irmiya ya riga shi faɗa da wani salo, da ya ce mutanen Allah sun bar maɓuɓɓugar ruwan rai sun haƙa wa kansu randunan ƙasa masu tsaga da ba sa riƙe ruwa (2:13). Kowane ɗan Jos da ya taɓa tarar ruwan sama a randa mai tsaga ya san yadda abin yake: da yamma ta cika har baki, da safe sai laka a gindi, kuma ƙara zuba ruwa ba ya gyara ta.

To, wadar zuci lallashin waɗanda suka kasa ce? Dubi wanda ya fi kowa magana a kanta. Bulus ya rubuta wa Filibiyawa yana ɗaure, yana jiran shari'ar da za ta iya ƙarewa da kisa. Sun aiko masa da gudummawa, yana gode musu, a tsakiyar godiyar ya ce ba don rashi yake magana ba, domin ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali: ya san ƙasƙanci, ya san yalwa, ya san ƙoshi, ya san yunwa (4:11-12). Ka riƙe wannan da kyau, cewa ya yi ya koya. Ba a haife shi da ita ba, ba ta sauko masa dare ɗaya a hanyar Dimashƙu ba. A makarantar bulala da jifa da haɗarin jirgin ruwa da kwana da yunwa ya koye ta, kamar yadda ya lissafa a 2 Korintiyawa 11. Ayar Filibiyawa 4:13 kuma, wadda muke liƙawa a bayan mota da ƙofar shago, cewa zai iya yin kome ta wurin wanda ke ƙarfafa shi, a nan take zaune. Ba alkawarin cin kowace kwangila ba ne. Cewa yake Almasihu na ba shi ƙarfin ya ƙoshi bai yi girman kai ba, ya ji yunwa bai yi saɓo ba. Kuma wannan Bulus ba malalaci ba ne. Ɗinkin alfarwa ne sana'arsa, da hannunsa ya ciyar da kansa a Korinti da Tasalonika, shi ne ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Mutumin da ya ratsa daular Roma yana kafa ikkilisiyoyi ba ya cikin waɗanda suka kasa.

Na ga irin wannan da idona a nan Jos. Da gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus a 2002, akwai wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu mai shagon atamfa da ya rasa kome a dare ɗaya. Ya yi kuka, kuka na gaske, bai yi mana wasan jarumtar ruhaniya ba. Ya rame. Bayan wani lokaci sai ga shi a bakin titi da ɗan tebur da laima, ya jera 'yan turamen da wani ya ba shi bashi, yana kaɗe musu ƙura da tsumma. Mutumin da a da yaran shago ke masa hidima, shi ke naɗe kaya da kansa in hadari ya taso. Bai sake komawa matsayinsa na da ba, ba zan ƙawata maka labari ba. Amma ranar Lahadi yana kujerarsa ta kullum, yaransa sun gama makaranta da ƙyar da taimakon 'yan'uwa, kuma in ka tsaya a teburinsa sai ya aika a sayo maka ruwa. Ban taɓa jin ya zagi waɗanda shagunansu suka tsira ba. Dukiyar ta tafi, mutumin bai tafi da ita ba, don tun farko ba a cikin shagon ya ajiye kansa ba.

Ga tushen abin. Ibraniyawa 13:5 ta ce mu raba kanmu da son kuɗi, mu gamsu da abin da muke da shi, sai ta kawo dalili: domin Allah da kansa ya ce ba zai taɓa barin mu ko ya yashe mu ba. Ba a ce ka gamsu don abin hannunka yana da yawa ba, an ce ka gamsu saboda wanda ke tare da kai. Ɗana, mu faɗa wa juna gaskiya, ba abin hawa ka je saye bara ba, don kana da shi. Shaida ka je saye, a ga kai ma ba a bar ka a baya ba, kai ma wani ne. Tambaya ce mai nauyi, kowane namiji yana ɗauke da ita, amma ka kai ta inda ba a iya amsa ta. Zauren WhatsApp zai tafa maka yau, gobe wani ya saka wadda ta fi taka. An riga an amsa tambayar a kan gicciye. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne mai daraja (1 Bitrus 1:18-19). Wanda ya san an biya wannan kuɗin a kansa zai iya tuƙa tsohuwar mota zuwa bikin abokinsa, ya taya shi murna da zuciya ɗaya, ya ci shinkafarsa ya dawo gida ya yi barci.

Son ci gaba ba zunubi ba ne. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka, Lidiya 'yar kasuwa ce da ta buɗe gidanta ga ikkilisiyar Filibi, kabarin da aka sa Yesu na Yusufu ne mutumin Arimatiya, mai arziki. Rubuta jarrabawar ƙarin girma. Ƙaro ilimi. In ka fita daga bashi ka nemi fili ko a Kuje ko a Masaka, ka riƙa aza bulo daidai ƙarfinka. Bulus bai ce kuɗi ne tushen mugunta ba, son kuɗi ya ce, kuma ya ce masu ƙudurin sai sun yi arziki ko ta halin ƙaƙa su ne ke faɗawa tarko (1 Timoti 6:9-10). Gwajin da nake ba matasa shi ne: abin nan da kake so, za ka iya durƙusawa ka roƙe shi a gaban Allah tare da bayyana hanyar da za ka bi ka same shi? In kuma ya ce a'a ko ba yanzu ba, za ka iya tashi ka ci tuwo da yaranka fuska a sake? Addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9 ba a cika yin ta a taron farkawa ba, amma ina ganin ta fi da yawa daga cikin waɗanda ake ihu da su: kada a ba shi talauci, kada a ba shi dukiya, a ba shi abincin da ya ishe shi, don kada ya ƙoshi ya yi musun Allah, kada kuma ya talauce ya yi sata.

Batun irin da ka shuka, zan faɗa maka a fili ko da wasu za su ji haushi. Bayarwa umarni ce kuma albarka ce, amma Allah ba ya sayar da buɗi. Da Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Elisha ya ƙi karɓar ko kwabo daga Na'aman bayan warkarwa, baransa Gehazi da ya bi bayan kyautar kuturta ya kwaso. Bulus ya ce a bayar gwargwadon abin da mutum ke da shi, ba da tilas ba, ya kuma ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:8). Kuɗin makarantar yara ba iri ba ne, hakkinsu ne. Kai ma ka binciki zuciyarka: da ka miƙa naira 200,000 ɗin nan, sujada ka yi ko jari ka zuba? Lissafin bai bambanta sosai da na waɗanda suka zuba kuɗi a MMM don ribar kashi 30 a wata ba, har aka rufe asusun a Disamba 2016 aka bar su da kuka. Kwaɗayi ɗaya ne, sai dai wannan an yi masa waƙar yabo. Kada ka ɗora wa Allah laifin alkawarin da bai yi ba, kada kuma wannan ya sa ka daina bayarwa. Ka ci gaba da baikonka a ikkilisiyarka, ka ƙara da wata 'yar kyauta a ɓoye ga wanda ba zai iya rama maka ba, gwauruwa ko maigadin ofis ko ɗalibin da aka koro. Ban san abin da ke sassauta riƙon kuɗi a zuciya kamar wannan ba.

Sai abu mafi wuya, wanda na san kana fatan in manta: maiɗakinka. Ka gaya mata, a makon nan, duka. Ka rubuta kowane bashi a takarda, na ƙungiya da na manhajoji, da kuɗin ruwan kowanne da ranar biya, ka haɗa da kuɗin makarantar da ka taɓa, ka ajiye a gabanta bayan yara sun kwanta. Za ta yi fushi, tana da hakki, ka yi shiru ka saurara, kada ka kare kanka. Gara ta ji daga bakinka da ta ji daga saƙon da masu manhajar nan kan tura wa duk lambobin da ke wayar mutum in ya makara. Ina kuma tabbatar maka ta riga ta san akwai abin da ke cin ka, mace ba ta kwana kusa da mai juye-juye har asuba ba ta sani ba. Wataƙila ma abin da take zargi ya fi gaskiyar muni. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ɓoye shi ne ke kashe aure. Ku fara biyan na manhajoji don su ne masu kuɗin ruwa mai kisa, kada ka sake ranto a wata don ka toshe wata. In lissafi ya nuna sai an sayar da motar a koma ƙarama, a sayar. Za a yi magana mako biyu a wuce.

Zauren kuma ba sai ka fita da fushi ba, kashe ƙararsa ka daina leƙawa na 'yan watanni, musamman da dare. Mai ciwon ido ba ya kallon rana. Lokacin da kake ba shi, ka ba Zabura da addu'a tare da iyalinka, kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai a ranar, har ƙaramin cikinsu. Da farko za ka ji kamar wasan yara ne, bakinka na faɗa zuciyarka na wani wuri. Ci gaba. Haka ake koyon kowane abu. Kada kuma ka daina zuwa sujada don kana jin gangar jikinka kaɗai ke wurin, Asaf ma da nauyin zuciya ya shiga. Ka nemi dattijo ɗaya a ikkilisiyarku ko a Zumuntar Maza, mai riƙe sirri, wanda zai iya tambayarka kai tsaye ƙarshen kowane wata nawa ka biya, kuma ko abokin aikin nan ya sake dawowa.

Rashin barcin kada ka raina shi. Ka je a auna maka jini, don hawan jini ba ya sallama kuma yana kama masu shekarunka. In bayan ka sauke wa matarka maganar nan makonni sun wuce har yanzu ba barci, ba cin abinci, ko ka fara jin rayuwa ba ta da amfani, ka ga likita ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

In Kirsimeti ta zo kuma kuɗin mai ya yi nauyi, ku hau motar haya ku zo gida, kada ka ci bashi don a gan ka. Ka rubuto mini bayan kun zauna da maiɗakinka in ji yadda kuka tsara biyan. Ina yi muku addu'a, ka gaishe ta da yaran.